'Yan mata 52 na garin Beni: nazarin wani gwajin magance firgici a gabashin Kongo

Beni gari ne a lardin Kivu ta Arewa, can gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, kusa da iyakar Yuganda, a gindin duwatsun Ruwenzori. A takarda yaƙin Kongo na biyu ya ƙare tun 2003, amma mutanen wannan yanki ba su ga ƙarshensa ba. 'Yan tawayen ADF da suka samo asali daga Yuganda suna cikin dazukan da ke kewaye, ga ƙungiyoyin mayaƙan ƙauyuka da ake kira Mai-Mai, su kansu sojojin gwamnati ba a rasa ƙorafi a kansu. A irin wannan wuri, yarinya ta fita ɗebo ruwa ko itace ta dawo an yi mata fyaɗe ba baƙon labari ba ne. Wadda gida ya ƙi karɓa bayan haka, ko wadda yaƙi ya raba da iyayenta, sau da yawa gidan karuwai ne ke buɗe mata ƙofa tun ba ta mallaki hankalin kanta ba.

A wannan gari ne masu bincike daga Jami'ar Queen's ta Belfast, ciki har da Paul O'Callaghan da John McMullen, suka gudanar da wani ƙaramin gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 2013. 'Yan mata 52 ne suka shiga, masu shekara 12 zuwa 17, dukkansu fyaɗe ko lalata ta taɓa rayuwarsu, wasu a gidajen karuwai aka ceto su. An same su ne ta hanyar wani shirin koyon sana'a da ƙungiyar World Vision ke tallafa wa. Tambayar da aka ɗora wa gwajin ita ce: shin maganin da ake yi da baki, wanda aka tsara a asibitocin Amurka don yaro ɗaya da likita ɗaya, zai yi aiki in aka tara yara rukuni guda, aka danƙa shi a hannun 'yan ƙasa waɗanda ba likitoci ba ne?

Abin da ke damun yaran

Kafin a fara komai, an zauna da kowace yarinya an yi mata tambayoyi da harshen Suwahili. Abubuwa huɗu aka auna: alamun firgici, damuwa da fargaba, rashin ji da faɗace-faɗace, sai kuma kyakkyawar mu'amala da mutane. Na ƙarshen nan ya burge ni, domin yawancin awo a wannan fanni cuta kawai yake ƙirgawa. A nan an tambaya har da ko yarinya tana taimakon wasu, tana raba abinta da ƙawaye, tana gaida manya. A Beni, kamar yadda yake a wajenmu, da waɗannan ake gane yaro ya dawo daidai.

Firgicin da ake magana a kai yana da kamanni sanannu. Abin da ya faru yakan dawo wa yarinya a ido biyu kamar yanzu ake yinsa, ko ya zo mata a mugun mafarki. Takan guje wa duk abin da zai tuna mata: wata hanya, wani wari, kakin soja, muryar namiji a bayanta. Jikinta kullum a ɗarare, ƙarar faɗuwar kwano ta ishe ta zabura. Sannan ga tunanin da ke cin ta a ciki, cewa laifinta ne, ta lalace, ba mai sonta. Manya da ke kallo daga waje abin da suke gani daban ne. Su dai sun ga yarinya ta zama mai tsiwa, ko ta daina magana, ko tana fitsarin kwance da girmanta, ko ba ta riƙe karatu. Daga nan sai duka, ko a ce shafar aljanu ce.

Inda hanyar ta samo asali

Hanyar da aka gwada ana taƙaita sunanta da TF-CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a wanda ke tunkarar abin da ya firgita yaro kai tsaye. Judith Cohen da Anthony Mannarino a birnin Pittsburgh, da Esther Deblinger a jihar New Jersey, su suka gina ta, tun farko don yaran da aka yi wa lalata. Gwajinsu na 2004 a kan yara 229 masu shekara 8 zuwa 14 shi ya kafa ta. An raba yaran biyu: wasu aka bi da su ta wannan hanya, wasu aka ba su mai sauraro mai tausayi wanda ke barin yaro ya kai hira inda ya ga dama. Duka sun samu sauƙi, sai dai a ƙarshe waɗanda ciwon firgicin bai sake su ba a rukunin sauraro sun ninka na ɗaya rukunin. Tun daga 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan salon cikin abin da take ba da shawarar a yi wa yaran da ke fama da ciwon, ko ɗaya-ɗaya ko a rukuni.

Zama 15 a mako biyar

An raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'ar sa'a. Yara 24 suka faɗa rukunin da za a fara da shi, 28 aka ce su jira. Masu yin tambayoyin awo ba a gaya musu wace yarinya ke wane rukuni ba, don kada son zuciya ya shiga lissafi. Rukunin farko suka riƙa haɗuwa sau uku a mako, awa biyu kowane zama, har mako biyar. Masu jagorantar zaman ma'aikatan walwalar jama'a ne 'yan Kongo, masu jin yaren yaran, ba wanda ya karanta likitancin ƙwaƙwalwa a cikinsu.

Duk wanda zai fahimci wannan lamari sai ya lura da jerin yadda abubuwa ke zuwa, domin a ganina a nan ƙarfin hanyar yake. Ba a fara da cewa "faɗa mana abin da ya same ki" ba. Zaman farko-farko bayani ne: mene ne fyaɗe, yaya yake shafar jiki da zuciya, me ya sa barci ke ƙaura, me ya sa zuciya ke bugawa ba dalili. Yarinyar da ta daɗe tana zaton hauka ke kama ta sai ta ji cewa abin yana da suna, kuma ta kusa da ita ma haka take kwana. Wannan kaɗai sauƙi ne, kuma riba ce da zaman rukuni ke da ita a kan zaman mutum biyu.

Sai koyon kwantar da jiki. Yarinya ta ɗora hannu a cikinta, ta ja numfashi ta hanci a hankali har ta ji cikin ya ɗaga hannun, ta riƙe kaɗan, ta sake shi ta baki ya fi na shiga tsawo. Ta dunƙule hannu da ƙarfi, ta saki, ta lura da bambancin, ta bi gaɓoɓinta haka daga kafaɗa zuwa yatsun ƙafa. Abin kamar wasa, kuma da wasa da waƙoƙin da yaran suka sani aka koyar da shi a Beni. Amfaninsa sai dare ya raba yake fitowa, lokacin da ta farka a firgice ba kowa kusa, ta tarar tana da abin yi da kanta.

Bayan haka ake shiga sanin sunayen abin da zuciya ke ji, da kuma alaƙar tunani da ji da aiki. Ga misalin yadda ake koyar da shi. Yarinya ta wuce wasu mata biyu a bakin famfo, suka yi dariya. Tunanin da ya faɗo mata: "Da ni suke, sun san abin da ya same ni." Abin da ta ji: kunya da ɗacin rai. Abin da ta yi: ta daina zuwa famfon. Mai jagora ba za ta ce mata tunaninki ƙarya ne ba, domin wataƙila da ita ɗin suke. Tambayarta za ta yi: kin ji abin da suka ce? Kafin ki iso suna dariya ko sai da suka gan ki? In ma da ke suke, wa ya aikata abin kunyar, ke ko wanda ya tare ki? A Beni an ɗauko misalan daga rayuwar garin, har da irin zargin da mutum kan yi cewa maƙwabciyarsa mayya ce, aka bi shi da tambayoyi iri ɗaya: mece ce hujja, kuma wace fassara ce kuma za ta iya yiwuwa.

Sai da aka wuce rabin tafiya sannan aka zo ga labarin kansa, kuma a nan aka fasa rukuni. Zama uku aka ware, kowace yarinya ita kaɗai da mai jagora. Dalilin a fili yake: ba a son ta tona cikinta gaban 'yan garinsu, ba a kuma son labarin wata ya ƙara wa wata nauyi. Yadda tsarin yake, yaro kan fara da abu mai sauƙi, sunansa da garinsu da abin da yake so, sannan rayuwa kafin abin ya faru, sannan a matso ranar a hankali. Wanda baki ya yi wa nauyi ya zana a takarda. Ana karanta masa abin da ya faɗa a zaman baya, ya ƙara abin da ya tsallake, ya sa abin da ya ji da abin da ya raya a ransa a lokacin. In numfashi ya fara sama-sama a tsaya, a koma ga abin da aka koya a makon farko, a dawo. Masu wannan aiki sukan kwatanta wa yara shi da wanke miki: da zafi, amma wanda aka naɗe ba a wanke ba ruɓa yake. Kowane maimaici yana rage wa labarin kaifi, kuma a cikinsa ne tunanin da ya fi cutarwa ke fitowa fili, irin su "da ban bi ta hanyar nan ba" ko "da na yi ihu". A nan mai jagora ke samun abin kamawa.

Akwai abubuwa biyu da aka ƙara saboda yanayin wurin. Mace daga cikin masu jagora ta zauna da yaran kan hanyoyin rage haɗari nan gaba, kamar kada a je itace ɗaya-ɗaya. Wani zai ce wannan ai ɗora wa yarinya nauyin tsaron kanta ne alhali laifin na masu bindiga ne, kuma da gaskiyarsa. Amma yarinyar gobe ma za ta je itacen, ko an kama masu laifin ko ba a kama su ba. Na biyu, an yi zama uku da iyaye da masu riƙo, kuma ma'aikatan sun bi gidaje don gyara tsakanin yaran da danginsu. A tsarin asali na Amurka uwa ko uba na cikin maganin tun daga farko har ƙarshe. A Beni wasu yaran sai da aka fara nemo musu wanda zai amsa sunan mai riƙon.

Abin da awo ya nuna

Da aka sake auna duka rukunin biyu bayan mako biyar, tazarar ta fito sosai. Alamun firgici sun ragu ƙwarai a wajen waɗanda suka yi zaman idan aka kwatanta da masu jira, haka damuwa da fargaba, haka rashin ji, sannan mu'amalarsu da mutane ta ƙaru. Bayan wata uku aka koma ga rukunin farko, aka tarar sauƙin bai zube ba. Masana suna da ma'aunin girman canji wanda a kansa 0.8 ma babba ne. A nan an samu 2.04 a firgici, 2.45 a damuwa da fargaba, 0.95 a rashin ji. A garin dai, wani gwaji na McMullen a kan samari 50 masu shekara 13 zuwa 17, mafi yawansu waɗanda aka taɓa sa su yaƙi tun suna yara, ya ba da sakamako mai kama da wannan.

Inda ya kamata a ja birki

Lambobin nan suna da daɗin karantawa, kuma shi ya sa ya kamata a bi su da hankali. Yara 52 ba yawa ba ne, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun saba ba da sakamako mai ƙyalli wanda ke dusashewa in an faɗaɗa. Awon wata uku rukunin farko kaɗai aka yi wa, don haka waɗancan manyan lambobi kwatancin yarinya ne da kanta a baya, babu wani rukuni a gefe. Wata uku kuma gajere ne a rayuwar 'yar shekara 14. Daga Oktoban 2014 yankin Beni ya faɗa cikin kisan gilla da ake ɗora wa ADF, a 2018 kuma cutar Ebola ta sauka, ta kashe sama da mutum 2,200 a Kivu ta Arewa da Ituri kafin a shawo kanta a 2020. A wannan duniyar yaran suka ci gaba da rayuwa.

Babbar matsalar ita ce abin da aka kwatanta maganin da shi. Rukuni ɗaya ya samu awa 30 na kulawar manya masu sakin fuska, da wasa, da waƙa, da ƙawaye, da ziyarar gida. Ɗayan jira kawai ya yi. To me ya yi aikin, tunkarar labarin ko kulawar? Su kansu masu binciken sun bi wannan tambaya. A wani gwaji da suka wallafa a 2015, sun kwatanta wannan hanya da shirin filin wasa da koyon dabarun rayuwa wanda ba ya taɓa labarin abin da ya faru, a tsakanin matasan Kongo da yaƙi ya shafa. Ɓangarorin biyu suka samu sauƙi, ba a ga wata tazara ta a zo a gani ba. A Amurka ma, Deblinger da abokan aikinta sun gwada a 2011 a kan yara 210 masu shekara 4 zuwa 11, wasu da labarin wasu babu. Duka suka inganta. Labarin ya fi taimaka wa yaran da tsoro da fargaba suka fi kamawa, yayin da ba da lokacin ga horar da iyaye ya fi gyara masu rashin ji.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, ba kowane yaron da aka zalunta ne ke buƙatar a zauna a bi labarinsa daki-daki ba. Da yawa abin da suke nema wuri ne mai aminci, da babba guda da ya yarda da su, da komawa makaranta ko sana'a. Amma akwai waɗanda duk da an samar musu da wannan, dare bai daina zame musu azaba ba, kuma su ne wannan hanya ta fi dacewa da su. Abin da ba shi da madogara ko kaɗan shi ne a ɗauki tsakiyar maganin a yar da farkonsa. Yarinyar da ta ba ɗan sanda labari, ta ba likita, ta ba ɗan jarida, ta ba baƙin da suka zo da motar ƙungiya, ta faɗi abin sau da yawa amma ba wanda ya koya mata yadda za ta kwana bayan ta faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi hani da salon nan na zama guda da ake sa mutum ya amayar da duk abin da ya gani jim kaɗan bayan faruwarsa.

Daga Beni zuwa Lusaka, da abin da ya shafe mu

Shakkar da ƙanƙantar gwajin Beni ta bari, wani gwaji a Zambiya ya rage ta. Laura Murray ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun bi yara 257 masu shekara 5 zuwa 18 a unguwanni biyar na Lusaka, marayu da masu rauni, aka wallafa a 2015. A nan ɗaya-ɗaya aka yi zaman, kuma waɗanda aka kwatanta da su suna samun irin taimakon da aka saba bayarwa a unguwannin. Alamun firgici sun ragu da kashi 81.9 cikin 100 a rukunin TF-CBT, a ɗayan kuma da kashi 21.1. Masu ba da shawarar, wato masu zama da yaran, mutanen gari ne da aka horar na kwana 10. Sai dai horon bai tsaya nan ba: kowane mako suna zama da mai sa ido a bi yaran da ke hannunsu ɗaya bayan ɗaya, shi ma mai sa idon yana da ƙwararren da yake kai wa rahoto. Wannan sashe ne masu shirya bita a otal suka fi mantawa da shi, domin ba ya ɗaukar hoto kuma kuɗinsa ba ya ƙarewa.

Alaƙar wannan da Arewacin Najeriya ba sai an nemo ta da fitila ba. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna yara 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin shekara 18, yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 kuma ta hanyar lalata, sannan waɗanda suka samu wani taimako ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ga 'yan matan da suka dawo daga hannun Boko Haram a Borno da Yobe, wasu da goyo, dangi na ɗari-ɗari da su, ga na Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka riƙe a daji. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200. In sai likita zai yi wannan aiki, yawancin yaran nan ba za su taɓa ganin layi ya zo kansu ba.

Bambanci guda ne ya kamata a riƙe. A Beni mai laifin sau da yawa baƙo ne da bindiga. A yawancin abin da ke zuwa cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe irin su Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato, wanda yaron ya sani ne: maƙwabci, mai shago, ɗan'uwa, wani lokaci na cikin gida. Maganin nan ba ya tafiya muddin yaron na kwana kusa da wanda ya cuce shi, domin tsoronsa a lokacin gaskiya ne, ba abin gyarawa ba. Kuma yana buƙatar babba guda daga gida wanda ba shi da hannu a laifin. Sau da yawa wannan babbar ita ce uwar da ke cewa, "Yi shiru 'yar nan, ki bar wa Allah, kada ki tona mana asiri." Ba ƙiyayya ce ke sa ta faɗin haka ba. Tana lissafin wa zai auri yarinyar, da abin da dangin miji za su ce, da nata auren. Mai ba da shawarar da ya ɗauke ta abokiyar gaba ya rasa yarinyar, domin ita ce za ta kawo ta zama na biyu ko ta hana. Shi ya sa tsarin ya ware wa iyaye nasu zaman, inda uwa za ta fitar da nata kukan da nata zargin kai ba a gaban 'yar ba, a shirya ta kafin ranar da za ta saurari labarin daga bakin 'yarta ba tare da ta ce "me ya kai ki" ba.

Masu yin aikin akwai su a ƙasa: malaman makaranta da na Islamiyya, ungozomomi, ma'aikatan lafiya na unguwa, matan da dama su ake kai wa ƙara a sansanonin gudun hijira. Masu sa musu ido kowane mako su ne ƙalilan, kuma inda za a fara nemansu shi ne asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Kaduna da Kware, da sassan nazarin halayyar ɗan'adam na jami'o'in yankin. Ƙwararre guda da ke duba aikin mutum goma ta waya zai kai ga yaran da ba zai taɓa iya gani da kansa ba, in har an sa albashinsa da kuɗin kiran a cikin kasafin shirin tun daga farko.